Batir Takwas na Shagon Kawu

Kawuna yana da shagon ƙanƙara da ruwan leda a Rigasa cikin Kaduna, ta ɓangaren da ake bi a je tashar jirgin ƙasa. Ni na haɗa masa sola a tsakiyar 2023, makonni kaɗan bayan an cire tallafin mai, lokacin da janareta ya fara cinye cinikin yini tun kafin a kira azahar. Farantai 12 muka ɗora a kan kwano, da inbata ɗaya, da batir 8 na dalma, irin dogayen nan masu ruwa, kowanne mai amfiya 200. Guda ɗaya yakan kai kilo 60, sai mutum biyu sun kama suke iya ɗaga shi. Firiza biyu suke riƙewa, da fanka, da allon cajin waya.

Shekara biyu da 'yan watanni suka yi, suka mutu. Haɗa sola sana'ata ce, na fi shekara goma ina cire matattun batura daga gidajen mutane, amma ban taɓa bin ko ɗaya na ga inda yake kwana ba sai a kan waɗannan. Abin da na gani ya nuna min cewa maganar ma'adinai masu daraja da ake ta yi a rediyo, su litiyam da nikel, ba a daji kaɗai take ba. Wani babban kaso nata yana cikin unguwanninmu, a kan kurar ɗan gwangwan.

Abin da ya kashe su

Batir irin wannan, in ya samu kulawa, yakan yi shekara huɗu zuwa biyar. Na Kawu zafi ne ya fara cin su. Saboda tsoron ɓarayi, a wani ɗan ɗaki na bayan shago aka jera su, rufin kwano ba silin, ba taga. Masu ƙera batir a kan zafin digiri 25 suke lissafin kwanansa, kuma abin da aka sani a sana'ar shi ne duk ƙarin digiri 10 yana rage kwanan nan da kusan rabi. Wanda ya san bazarar Kaduna a Maris da Afrilu ya san abin da ɗakin yake zama da rana tsaka. Sannan in ruwansu ya yi ƙasa, yaron shago ruwan burtsatse yake ƙara musu maimakon tataccen ruwan da ake sayarwa don batir. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya gaya masa. Ni da na haɗa, Kawu kaɗai na yi wa bayani na kama gabana.

Abin da ya ƙarasa su kuwa a Oktoban 2024 ya zo. Da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Mando, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, ƙanƙara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Kawu ya aro firiza ta uku ya jona. Batirin dalma ba a so a sha fiye da rabin cajinsa kafin a sake cika shi, waɗannan kuwa kullum kafin asuba sun zube warwas. Ya yi ciniki sosai, amma daga nan baturan ba su sake komawa daidai ba.

A nan asarar ma'adini take farawa, tun kafin a je ga ɗan gwangwan. Batir takwas ɗin nauyinsu ya doshi kilo 480, kuma fiye da rabin nauyin batir dalma ce. Wato dalma sama da kilo 250, da ya kamata ta yi aikin shekara biyar, ta yi na biyu ta ajiye. Mafi yawan dalmar da duniya ke amfani da ita batir take tafiya, kuma fiye da rabinta daga tsofaffin kaya ake narko ta, ba daga rami ba. Ba ita kaɗai ce a ciki ba: ana gauraya ta da wani ƙarfe mai suna antimoni don ta yi ƙwari. Amurka da Tarayyar Turai duk sun sa antimoni a jerin ma'adinan da suke fargabar yankewarsu, ita kuma Sin, wadda ta fi kowa samar da shi, ta taƙaita fitar da shi a 2024. Abin da manyan ƙasashe ke kai ruwa rana a kansa, ga shi jere a bayan shagon ƙanƙara.

Ruwa ba ya cikin awo

Ranar da na je cire su, na tarar Kawu ya riga ya sayar da huɗu. Wasu samari biyu ne da kura da sikelin rataye. Sun faɗa masa farashi a kan kilo, amma da sharaɗin cewa ruwa ba ya cikin awo. Kafin in iso sun kwance murafan uku sun kifa su a bakin kwata. Ruwan yana bin kwatar yana kumfa inda ya taɓa siminti, wari ya cika layin, wata yarinya mai tallan gyaɗa ta tsallake shi da silifas. Na huɗun na hana.

"Oga, ko'ina haka ake yi," in ji babban cikinsu. "In mun kai da ruwa, abin da Alhaji zai cire mana ya fi nauyin ruwan."

Ruwan nan asid ne, amma ba shi ne babbar matsalar ba, don ruwan sama yana tsarma shi. Matsalar ita ce baƙar lakar da ke biyo shi daga gindin batir. Wannan dalma ce, ita kuwa ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa; inda ta zauna a ƙasa nan za ta zauna shekara da shekaru. Kwatar nan ta ƙofar gidaje take bi, yara a bakinta suke wasa.

Na ce musu ina son ganin Alhajin da suke sayar wa kayan. Suka yi jim, suka tura kura, na bi su a babur.

Filin wani kango ne da aka kewaye da tsofaffin kwanuka, bango ɗaya haɗe da gidan mutane. Daga ƙofa tulin kaya ne kowanne da ɓangarensa, jan ƙarfe daban, alminiyam daban, robobi daban. Batura suna can ƙurya. Wani yaro da bai wuce shekara 15 ba yana fasa su da gatari: ya sare saman, ya zaro farantan ciki da hannu, ya jefa kan tsibi. Ba safar hannu, ba takunkumi. Yatsunsa sun yi fari sun tsattsage, wandonsa duk huji saboda asid. Farantan in sun bushe, wani gari mai ruwan ƙasa yana zubowa daga jikinsu, ga iskar hunturu ta fara kaɗawa. Garin yana ƙasa, yana kan rigarsa, yana kan murfin kular mai awara da ta shigo talla. Ina tsaye ya ajiye gatari, ya goge hannu a wando, ya sayi awara ya ci.

A gefe akwai rabin duro a kan murhun gawayi, inda wani lokaci suke narka ragar ƙarfen da ke riƙe farantan. Dalma a digiri 327 take narkewa, wutar gawayi ma ta isa. Sai dai garin nan da ke zuba shi ma dalma ce da ta sauya kama, kuma ba ya komawa ƙarfe sai a tanderun masana'anta mai zafin da ya doshi digiri 1,000. Mafi yawan dalmar batir a cikin garin take. Masana'antar da ta san aikinta takan fitar da kusan duk dalmar, ta kashe kaifin asid ɗin, ta niƙa robar a sake ƙera wani gidan batir da ita. A kango irin wannan kuwa, abin da ba a share aka zuba a buhu ba, iska da ruwan sama ke rabar da shi ga maƙwabta.

Alhajin dattijo ne mai fara'a. Ya sa aka kawo min benci da ruwan leda, ya saurare ni har na gama.

"Injiniya, ni ma ba son warin nan nake yi ba," ya ce. "Amma zauna ka yi min lissafi. Mai tirela a kan nauyi yake karɓar kuɗinsa daga nan zuwa Legas. In na loda da ruwa, na biya kuɗin ɗaukar ruwa, can kuma a cire min shi. Ga shi yana yoyo ya ci bodin mota, direba ya ce ba zai ƙara ɗaukar min kaya ba. Yaran nan da kake gani duk a filin nan suke ci. Ka kawo min wanda zai sayi batir da ruwansa a kuɗin da ba zan faɗi ba, gobe in jefar da gatarin."

Na tambaye shi ko ya san gubar dalma. Ya ce ya ji a rediyo lokacin abin Zamfara, amma ai wannan ta masu haƙar zinariya ce. Shi yaransa in sun tashi aiki yakan saya musu madara. Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma da yawa a sana'ar sun yarda da haka, amma madara ba ta fitar da dalma daga jini.

Abin Zamfara da yake nufi a 2010 ne, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda yara sama da 400 suka rasu. Dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suka kai ta baki. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Wanda ya fi kama da kangon Alhaji kuwa a Senegal ya faru, a wata unguwa ta gefen Dakar mai suna Thiaroye-sur-Mer, inda yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Can ba rami ba zinariya, fasa batir ne kawai, da tankaɗe ƙasar wurin don tsinto ragowar dalma. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Mutuwar ita ake gani a ƙirga. Abin da ya fi yawa shi ne yaron da gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana nan yana yawo, karatu ba ya zama, ga ciwon ciki, ga ƙarancin jini. In ta yi tsanani ta kai ga jijjiga, a wajenmu zazzaɓi za a ce, ko iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, har kimanin miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai a damu, kuma ya sa fasa batir ba bisa ƙa'ida ba cikin manyan dalilai. Na so a gwada jinin yaron mai gatari. Ɗakunan gwaji uku na zaga. Biyu suka ce ba sa yi, ɗaya ya ce sai an aika jinin wani gari, a kuɗin da ya fi abin da yaron ke samu a wata.

Ban fita filin ina ganin laifin Alhaji shi kaɗai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya shigo da batirin ya ci ribarsa ya juya baya. Mai saye a kudu ya tsara farashi yadda zubar da ruwa ya fi riba. Ni ma shekara goma ina miƙa wa samari batura in karɓi kuɗi, ban taɓa tambaya ba.

Sauran huɗun

Kwatar muka fara yi. Muka barbaɗa toka da farar ƙasa don kashe kaifin asid, muka kankare lakar sama da shebur muka zuba a jarkar roba mai murfi. Toka ba ta kawar da dalma, kwashewar ce kawai ke ragewa.

Sati biyu na yi kafin in samu wani dila a cikin gari da ke sayar da sabbin batura yana karɓar tsofaffi a matsayin musaya, a rufe da ruwansu, a tsaye kan katako. Ya yarda ya haɗa da jarkar lakar. Kuɗin da ya yi tayi bai kai na samarin kura ba. Kawu ya lissafa ya ga bambancin ya kai cinikin kwana biyu.

"Ɗana, yanzu a kan ruwa za ka ja min asara?"

Na ce, "Kawu, yarinyar nan mai gyaɗa ka san ta?"

Ya san ta, jikar maƙwabcinsa ce da suke sahu ɗaya a masallaci. Ya yi shiru, can ya ce a loda.

Na ji daɗin wannan, amma ba zan ruɗi kaina ba. Ba kowa ne zai yafe cinikin kwana biyu ba a wannan hali da ake ciki, kuma bai dace a ce lafiyar yaran unguwa ta rataya a kan kirkin mai shago ba. Sannan tura batir kudu a rufe Kaduna kawai ya tsare. A Ogijo ta jihar Ogun, inda masana'antun narka dalma suka taru, binciken 'yan jarida a 2025 ya gano gubar a jinin mazauna garin, har hukumomi suka rufe wasu daga cikin masana'antun. Dalmar da ake narkawa can, da yawanta waje ake fitar da ita.

Doka kam akwai. A 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da batir ƙarƙashin NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da batir alhakin mataccensa. Alhaji bai taɓa jin labarinsu ba. Ina tsoron ranar da za a zo da motar jami'ai a garƙame kangonsa a tafi, don aikin ba zai tsaya ba, cikin gidaje zai koma, inda mata da jarirai suke. A ganina abin da zai sa a ajiye gatari shi ne wanda muka sani tun muna yara da kwalabar lemo: ka bar kuɗin ajiya lokacin saye, ka dawo da kwalaba lafiya ka karɓi abinka. A ɗora irin wannan a kan kowane sabon batir, kada a biya sai ga wanda ya kawo shi a rufe da ruwansa. Wurin tarawa ma ba sai an gina sabo ba, ga kasuwar Panteka nan da duk ƙarfen Kaduna ya san hanyarta. Tarayyar Turai doka ta kafa a 2024 tana neman kashi 25 cikin 100 na muhimman ma'adinan da take amfani da su ya riƙa fitowa daga tsofaffin kaya kafin 2030. Mu nan samarin kura sun riga sun kafa hanyar tarawa lungu-lungu ba da sisin gwamnati ba, batirin dalma ba ya kwana a bola. Yadda ake buɗe shi ne ya rage a gyara.

Wanda ba mai saye

Kawu ya ciwo bashi muka sa masa batirin litiyam guda ɗaya, irin mai ƙarfe da fosfet, wanda ba a ƙara wa ruwa kuma ya fi jure shan caji. Wannan karon mun fasa taga a ɗakin, na kuma zaunar da yaron shago na yi masa bayani da kaina.

Amma akwai abin da Alhaji ya nuna min kafin in bar filinsa. A bayan tulin robobi akwai wani buhu cike da baturan waya da na cocila da na kwamfuta, wasu sun kumbura. Ya ce waɗannan ba mai saye. Masu gyara sukan zo su tsinci 'yan dogayen ƙwayoyin batirin kwamfuta masu sauran rai su haɗa fitilu da su, saura kuma bola, ko a cinna musu wuta tare da wayoyi don a ciro jan ƙarfe. Ya ce sau ɗaya buhu irin wannan ya kama da wuta da kansa cikin dare.

Batirin waya da na kwamfuta yawanci akwai kobalt a cikinsu, ma'adinin da kusan kashi 70 cikin 100 na duniya daga Kongo ake haƙo shi. Na sola irin na Kawu babu kobalt babu nikel, shi ya sa ya fi araha, shi ya sa kuma mataccensa ba ya jan hankalin ɗan gwangwan. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kashi 22.3 kacal aka tabbatar an tara an sake sarrafawa yadda ya kamata.

A wannan jihar tamu ta Kaduna kuma ake neman litiyam a ƙasa. A 2023 aka fara aikin masana'antar tace dutsen litiyam a Kangimi ta ƙaramar hukumar Igabi tare da wani kamfanin ƙasar Sin, kuma tun 2016 ake maganar nikel da aka gano a Dangoma ta Jema'a. Ba na adawa da haƙa in za a yi ta da ƙa'ida, a cike ramuka, a tsare ruwan shan mutane, manomin da aka shiga gonarsa ya ga amfani. Amma dutsen da aka tace a nan Sin yake tafiya, inda ake sarrafa fiye da rabin litiyam na duniya, ya dawo mana a kwali da tsada, in ya mutu mu jefa shi bola, a koma gonar wani a sake tono. Baturan da muke ta jonawa tun bayan cire tallafi kusan tare za su tsufa.

Ranar da muka gama jona sabon batirin, firiza suka tashi, Kawu ya tsaya yana duban 'yar koriyar fitilar da ke jikinsa.

"To ɗana, shi wannan in ya mutu, wa zai saya?"

Na ce masa zan zo in ɗauka da kaina. A ƙarƙashin bencin shagona a Tudun Wada akwai kwalin da nake tara irinsu, na zuba yashi a ciki saboda tsoron wuta, ya kusa cika.